Biri Ya Yi Kama da Mutum: Nazarin Wani Hoto da Wata Jimla a Darasin Asalin Ɗan Adam

Gabatarwa

A shekarata ta farko a jami'a, kafin in bar fannin kimiyya in koma sashen Hausa, na amsa wata tambaya a jarrabawar ilimin halittu, na sami maki mai kyau, alhali ban fahimci abin da na rubuta ba, ban kuma yarda da shi ba. Tambayar a kan asalin ɗan Adam take. Na jera sunayen Latin guda shida kamar yadda na haddace su daga takardun da aka raba mana, kowane sakin layi kuma na buɗe shi da lafazin da ke nufin "a cewarsu", domin kada malami ya kayar da ni, kada kuma zuciyata ta tuhume ni. Da muka fito daga ɗakin jarrabawa, wani abokina ya yi istigfari da ƙarfi, muka yi dariya, muka wuce wurin mai shayi.

Ba zan ambaci sunan makarantar ba, domin abin da zan faɗa ba laifin makaranta guda ba ne. Ba kuma zan ɗora shi a kan malamin da ya koyar da mu ba, wanda aka tara wa ɗalibai fiye da inda muryarsa za ta kai, aka ba shi mako biyu domin babin da ya shafi shekaru miliyoyi. Ni mutumin Liba ne, a Ƙaramar Hukumar Maiyama. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, karatun jami'a ya matso har bakin ƙofarmu, 'ya'yan manoman albasa da na 'yan kasuwar Jega suna ta shiga fannonin lafiya da noma da koyarwa. Duk wanda ya ɗauki ilimin halittu, a ko'ina yake a ƙasar nan, sai ya gamu da wannan babi tun a shekarar farko. Saboda haka yadda ake karanta shi ya zama maganar gida.

Abin da nake son tabbatarwa a wannan nazari shi ne, yawancinmu ba mu taɓa haɗuwa da ainihin ra'in da masana suke kai ba, balle mu karɓe shi ko mu ƙi shi. Abin da muka haɗu da shi, muka kuma ƙi, wani hoto ne da wata jimla. Zan ɗauke su a matsayin matani, in duba su kamar yadda ɗalibin adabi ke duba ƙagaggen labari: taurarinsa, zubinsa, kalmominsa, wurin da aka ce ya faru, da kuma kunnen da aka faɗa wa shi.

Hoton da ya fi littafinsa suna

Kusan kowa ya taɓa ganin hoton, ko a littafi, ko a bangon makaranta, ko a Facebook inda ake yi masa ba'a. Jerin halittu ne suna tafiya daga hagu zuwa dama. Na farko biri ne a duƙe, na biyu ya ɗan ɗago, haka ake ta miƙewa, gashi yana raguwa, har a kai ga na ƙarshe, mutum tsaye ƙyam. Wani mai zane ɗan Amurka, Rudolph Zallinger, shi ya zana asalinsa domin wani littafi na masani F. Clark Howell da aka buga a 1965. A can halittu goma sha biyar ne a kan doguwar takarda mai ninki, kuma bayanin da ke tare da su ya nuna cewa ba dukkansu ne kakannin juna ba, wasu rassa ne da suka ƙare ba su bar baya ba. Amma idan aka ninke takardar, shida kaɗai ake gani a jere. Su duniya ta yi ta kwafa, ta bar bayanin a cikin littafi.

Idan muka karanta hoton a matsayin labari, abu na farko da za mu lura da shi shi ne taurarinsa. Dukkansu maza ne, kowanne shi kaɗai. Babu mace, babu yaro, babu jama'a. Wannan ba ƙaramin aibi ba ne, domin abin da masana ke magana a kai a cikin haihuwa yake faruwa: iyaye su haifi 'ya'yan da suka ɗan bambanta da juna, wasu su fi wasu rayuwa da hayayyafa a yanayin da suka sami kansu, halayensu su yawaita a zuriya mai zuwa, haka nan har sau dubban ɗaruruwa. Babu wata halitta guda da ta taɓa kwana da wata siffa ta tashi da wata. Hoton ya ɗauki tarihin haihuwa ya cire uwa daga cikinsa, sai ya zama kamar mutum ɗaya ne yake sauya kama yana tafiya.

Abu na biyu shi ne zubin. Hanya guda ce miƙaƙƙiya, tana da mafari da mafaɗa, kamar an san inda za a tun kafin a tashi. Ƙasusuwan da aka tono sun ƙaryata wannan. A mafi yawan tarihin, nau'o'in masu kama da mutum da dama ne suka rayu a zamani guda. Mutanen Niyandatal sun zauna a Turai da yammacin Asiya har zuwa wajen shekara 40,000 da suka wuce, lokacin da irinmu ya riga ya daɗe a duniya. A 2010 ayarin Svante Pääbo, wanda ya sami lambar Nobel a 2022, ya nuna cewa an yi auratayya tsakanin jinsunan biyu, har yau kuma mutanen da asalinsu ba Afirka ba ne suna ɗauke da kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na ƙwayoyin gadon Niyandatal. Wanda ya san gulbi a fadama lokacin damina ya san siffar da ta fi dacewa: ruwa ya rarrabu, wani reshe ya ƙafe a cikin yashi, wani ya zaga ya sake haɗuwa da uwar. Masanin burbushin halittu Stephen Jay Gould ya soki wannan hoto da makamantansa tun a 1989, amma hoto ya fi gyara saurin tafiya.

Jimlar da ba wanda ya faɗa

Daga hoton aka haifi jimlar da kowa ya sani: wai mutum daga biri ya fito. A ranar da aka fara darasin, wani ɗalibi ya ɗaga hannu daga baya ya ce, "Malam, in dai haka ne, me ya sa har yanzu birai ke yi mana ɓarna a gona?" Ɗakin ya kaure da shewa. Tambaya ce mai kyau ƙwarai, kuma ta rushe jimlar. Sai dai jimlar ba ita ce maganar masana ba. Abin da suke cewa shi ne, mutum da birin da ake kira cimfanzi, irin wanda ke dajin Gashaka-Gumti a Jihar Taraba, suna da kaka guda da ya rayu shekara miliyan shida zuwa bakwai da suka wuce, daga nan kowane reshe ya kama hanyarsa. Harshen Hausa yana da kalmar wannan dangantaka. 'Ya'yan wa da ƙanwa taubasai ne, kuma babu Bahaushen da zai ce taubashinsa ne ya haife shi, ko ya yi mamakin ganin taubashinsa da rai. Mutum yana iya ƙin wannan magana, amma ya kamata ya san ita yake ƙi.

Kamannin kuwa ba Charles Darwin ne ya gano su ba. Carl Linnaeus, wanda ya tsara rabe-raben halittu, mai riƙo da addininsa na Kirista, ya sa mutum da birai a rukuni guda tun a 1735, shekara 124 kafin littafin Darwin na 1859. Bahaushe ma bai jira kowa ba. Idan abin da ake zargi ya fara bayyana gaskiya, cewa muke yi biri ya yi kama da mutum, ba kuma wanda ya taɓa jin wannan karin magana ya ce an zage shi. Abin da Darwin ya kawo shi ne bayanin dalilin kamannin.

To me ya sa jimlar ke yi mana zafi haka? Ina ganin dalili na farko yana cikin kalmomin da muke fassara ra'in da su. Wasu sukan ce rikiɗa. A kunnen Bahaushe, rikiɗa aikin mayu da bokaye da dodannin tatsuniya ne: mutum ya shiga daji ya fito kura, ɓauna ta zama budurwa ta shigo gari. Abu ne na mutum ɗaya, cikin ƙiftawar ido, kuma akwai ha'inci a cikinsa. Wasu kuma sukan ce juyin halitta, wanda ya fi yaɗuwa a rubuce. Amma ɗan Nijeriya da ya ji juyi, juyin mulki ke faɗo masa a rai, wato a kwanta da wani shugaba a tashi da wani. Kalmomin biyu sun mai da abin da ke tafiya a hankali cikin dubban zuriya ya koma abin da ke faruwa dare ɗaya. Da an ce sauyin zuriya, ko rarrabuwar zuriya, da an fi kusa da abin da ake nufi.

Dalili na biyu ya fi zurfi. Yaron da ya tashi a makarantar allo ya ji labarin mutanen da suka keta alfarmar ranar Asabar aka mai da su birai, kamar yadda ya zo a surorin Baƙara da A'arafi. A wurinsa, duk inda mutum da biri suka haɗu a labari guda, to azaba ce da ƙasƙanci. Idan aka zo masa da hoton da ya juya wannan labari, ba tare da wani bayani ba, ba kimiyya zai ji ba, zagi zai ji. Marubucin da bai san abin da ke kunnen mai sauraronsa ba, shi ke da alhakin rashin fahimtar da ta biyo baya.

Tsani da wanda ke ƙasansa

Akwai wani abu kuma a hoton da ɗalibin Afirka ke gani ko da bai furta ba. A yawancin kwafin da ke yawo, launi yana washewa daga hagu zuwa dama, na ƙarshe kuma farar fata ne. Hoton tsani ne, tsani kuwa dole wani ya kasance a ƙasa. Wannan zargi yana da tushe a tarihi. An yi zamanin da aka yi amfani da sunan wannan ilimi aka jera jinsunan mutane hawa-hawa domin halatta bauta da mulkin mallaka. A 1906 an ajiye wani mutumin Kongo mai suna Ota Benga a sashen birai na gidan namun dajin Bronx da ke Niyok, jama'a suna zuwa kallonsa. A 1912 aka fito da wani ƙoƙon kai a Piltdown ta Ingila, aka ce ga kakan ɗan Adam, masana da yawa suka karɓa hannu biyu-biyu. Da Raymond Dart ya bayyana ƙoƙon kan yaron Taung na Afirka ta Kudu a 1925, sai aka yi masa riƙon sakainar kashi. Sai a 1953 aka tabbatar cewa na Piltdown jabu ne, ƙoƙon kan mutum ne aka haɗa da muƙamuƙin biri.

Mu mutanen Kabi mun san abin da labarin asali mai siffar tsani ke yi. A labarin Bayajida, an raba ƙasashe gida biyu, Hausa Bakwai da Banza Bakwai, kuma a jerin da aka fi sani Kabi tana cikin na biyun, duk da daular da Kanta ya kafa da ganuwar Surame da har yau ake ganin kufanta. Ɗalibin adabi ya san cewa irin wannan labari ba rahoton abin da ya faru ba ne kawai. Yana raba matsayi, yana faɗa wa kowa inda zai zauna. Saboda haka idan ɗan Kabi ya ga wani tsanin ya ja da baya, ban ga laifinsa ba.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi sauran maganar. Ilimin da aka yi wa wannan ɗaurin gindi shi ne da kansa ya karya tsanin. Hujjar ƙashi ce ta tona asirin Piltdown, ita ce kuma ta wanke Dart. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa duk mutanen duniya na yau jinsi guda ne, tushensu Afirka, kuma bambancin gado da ke tsakanin al'ummomin Afirka ya fi na kowace nahiya yawa, domin a nan aka fi daɗewa. Duhun fata ya girmi haskenta a tarihin irinmu. Da za a zana hoton bisa abin da aka sani yau, da ba a sami wanda za a sa a ƙasa ba.

Labarin da aka kai nesa

Aibi na gaba shi ne wurin da aka ce labarin ya faru. Takardun da muka haddace sun kai mu tsibiran Galapagos, sun nuna mana tsuntsayen da ba mu taɓa gani ba, da wasu malam-buɗe-littafi na garuruwan masana'antu a Ingila. Duk misalan gaskiya ne, amma sun sa mun ɗauki abin a matsayin labarin wasu mutane a wata ƙasa. Ba wanda ya gaya mana cewa a watan Yulin 2001, a hamadar Jurab ta arewacin Cadi, wani ɗan ƙasar mai suna Ahounta Djimdoumalbaye, yana aiki da ayarin Michel Brunet, ya tsinci ƙoƙon kan da aka raɗa wa suna Tumai, wanda aka kiyasta shekarunsa da kusan miliyan bakwai. Har yanzu masana suna jayayya a kan ko da ƙafa biyu yake tafiya, kuma wannan jayayyar kanta darasi ce, domin tana nuna yadda ake auna hujja. Ba a gaya mana cewa a 1965 Thurstan Shaw ya tono wani ƙwarangwal a kogon Iwo Eleru kusa da Akure, mai kimanin shekara 13,000, wanda siffar kansa ta fi kama da ta mutanen da suka girme shi nesa ba kusa ba. Ba mu ji labarin maƙabartar Gobero a hamadar Tenere ta Nijar ba, inda mutane suka zauna a bakin tafki suna kamun kifi kusan shekara 10,000 da suka wuce, a wurin da yau babu komai sai rairayi.

Mafi kusa da mu kuma, ƙasar da muke takawa ma shaida ce. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a Sakkwato cike take da burbushin halittun teku, domin fiye da shekara miliyan hamsin da suka wuce wani teku ya ratsa ta wannan yanki. A duwatsun wannan kwari aka sami ƙasusuwan wani ƙaton dabban ruwa mai dangantaka da ƙadangaru, wanda masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus, daga sunan garin Goronyo. Wannan bai shafi asalin mutum kai tsaye ba, amma yana koyar da abin da ya fi komai wuyar shiga kai a darasin, wato tsawon zamani, da cewa duniya ta ga halittun da babu su yanzu. Ɗalibin da aka ɗora wa dutse mai siffar ƙwanso a tafin hannu, aka ce daga Sakkwato aka ɗauko shi, ba zai sake jin maganar kamar tatsuniyar Turawa ba.

Abin da gida ya riga ya sani

Darwin bai buɗe littafinsa na 1859 da biri ba. Da dabbobin gida da shuke-shuke ya buɗe shi, musamman tattabaru, yana nuna yadda masu kiwo ke fitar da iri daban-daban ta hanyar zaɓen wanda zai hayayyafa. Da ya zo kasuwar dabbobi ta Jega, da ya sami misalai fiye da buƙatarsa: Balami da Uda da 'Yankasa a tumaki, Gudali da Rahaji da Bunaji a shanu, ga jar akuyar Sakkwato da Maraɗi. Manomin albasa a Aliero da ke ware kawunan da suka fi girma da jure ajiya domin iri, aikin nan yake yi. Karin maganarmu ma ta riƙe ginshiƙan biyu. Mun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wato gado. Mun kuma ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, wato ɗa yakan saɓa wa abin da ya fito daga gare shi. Abin da Darwin ya ƙara shi ne, ko babu manomi, fari da cuta da yunwa da maƙiya suna yin nasu tankaɗe da rairayar.

Aliero ta yi suna a kan ɗori kamar yadda ta yi a kan albasa. Wani kawuna da ya koyi sana'ar a can ya taɓa ganina ina duba zanen ƙasusuwan hannun mutum da na jemage da na tsuntsu a littafi. Ya karɓa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai yaro, mi ab baƙo cikin wanga? Guda bisa, biyu ƙasa, sannan ƙanana. Ko fiffiken kaza kac ci, haka za ka ishe shi." Ya miƙo mini littafin ya ƙara da cewa Mai yi ɗaya ne, shi ya sa aikin ya zo ɗaya. Kawu bai ga abin tsoro a cikin kamannin ba, ya kuma ba su fassarar da ta dace da imaninsa. Masanin halittu zai ce tsarin ya zo ɗaya ne domin an gaje shi daga kaka guda. A ranar na lura cewa su biyun ba su saɓa a kan abin da ido ya gani ba, kuma maganar ɗaya ba lallai ta kore ta ɗayan ba.

Amma misalin da ya sa na rubuta wannan nazari ba na dabba ba ne. Yayata ta binne 'ya'ya biyu, dukkansu ba su kai shekara bakwai ba, bayan doguwar jinya ta ciwon gaɓoɓi da ƙarancin jini. An ce iska ce, an ce baki ne, har an fara kallon wata tsohuwa a unguwa. Ni ne ɗan jami'a a gidan, na ci jarrabawar babin da ke ɗauke da amsar, amma ban iya cewa komai ba. Sai daga baya na fahimci cewa amosanin jini, wanda ake kira sikila, shi ne misali mafi bayyana na tankaɗen yanayi a jikin ɗan Adam. Wanda ya gaji ƙwayar daga ɗaya cikin iyayensa yakan sami kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954. Saboda haka a ƙasashen sauro masu ɗauke da ita suka fi tsira, ta yawaita, har ta kai kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ita. Idan masu ɗauke da ita biyu suka yi aure, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. Sauron fadamarmu ne ya rubuta wannan a jininmu, ba tsohuwar unguwa ba. Ta wannan hanya dai ƙwayar zazzaɓin ta daina jin maganin kulorokwin har aka sauya shi. Ma'aikacin lafiya ko malamin gona da ya haddace babin ya tofar a ƙofar ɗakin jarrabawa, zai yi aiki da waɗannan abubuwa kullum ba tare da ya san dalilinsu ba.

Inda magana ta yi tsauri

Zan zama mai ha'inci idan na ce gyaran hoto da gyaran fassara za su share kowace matsala. Ni Musulmi ne, kuma abin da muka karɓa daga malamanmu shi ne an halicci Annabi Adamu, alaihis salam, daga ƙasa, ba uwa ba uba. Ra'in masana halittu kuwa bai ware mutum daga sauran masu rai ba. A nan akwai tambaya ta gaske, wadda kalma mai daɗi ba za ta rufe ba.

Akwai hanyoyi biyu masu sauƙi da nake ganin bai kamata a bi ba. Ta farko ita ce a ce ai malamanmu sun riga Darwin, a kawo Jahiz na Basra da littafinsa kan dabbobi, ko Ibn Haldun da ya jera halittu daga ma'adinai zuwa tsirrai zuwa dabbobi zuwa birai zuwa mutum a Muƙaddimarsa ta 1377. Manyan masana ne, amma jerin Ibn Haldun na darajojin halitta ne, wato wani tsanin, ba bayanin gado da zaɓe ba. Ta biyu ita ce wadda na bi a ɗakin jarrabawa, a rubuta da hannu a ƙaryata da zuciya ba tare da an fahimta ba. Wannan tana koya wa matashi cewa ilimi abu ne da ake faɗa domin a wuce, kuma wanda ya saba da haka a babi guda zai kai shi sauran.

Hanya ta uku tana cikin gadonmu. Imam Gazali, kafin ya rubuta littafinsa na rushe maganganun masana falsafa, sai da ya rubuta wani da ya bayyana manufofinsu dalla-dalla, yadda su kansu za su yarda cewa abin da suke nufi ke nan. A zamaninmu ma akwai masana Musulmi da suka zauna suka yi wannan aiki. Shoaib Ahmed Malik, a littafinsa na 2021 kan Musulunci da wannan ra'i, ya bi tafarkin Gazali ya rarrabe matsayai: masu ƙin ra'in gaba ɗaya, masu karɓarsa ga sauran halittu ban da mutum, masu ware Annabi Adamu kaɗai a matsayin mu'ujiza, da masu karɓarsa ba togiya. Ba nawa ba ne in yanke wa kowa hukunci a tsakaninsu, kuma ɗakin laccar ilimin halittu ba majalisar fatawa ba ce. Amma ɗalibi yana da haƙƙin ya san cewa tattaunawar tana nan, masu ilimi da imani suna cikinta, kuma ƙashi yana iya faɗin shekarunsa da siffarsa da danginsa, amma ba shi da bakin magana a kan ruhi ko manufar halitta.

Kammalawa

Hukuncina a kan wannan matani, wato hoton da jimlar da ta fito daga cikinsa, shi ne ya gaza ta fuskar gaskiya, ya kuma gaza ta fuskar fasaha. Ya mai da tarihin jama'a labarin mutum ɗaya, ya mai da rassa tsani, ya zo da kalmomin da ke nufin wani abu daban a harshenmu, ya kai labarin nesa alhali shaidunsa suna Cadi da Goronyo da cikin jininmu. Ƙarfinsa guda ne, sauƙin tunawa, kuma wannan ƙarfin ne ya sa ɓarnarsa ta daɗe.

Gyaran ba na malaman kimiyya kaɗai ba ne. Mu ɗaliban harshe da adabi muna da rabo a ciki, domin mu ne za mu samar da kalmomin da ba za su yaudari mai sauraro ba, mu rubuta babin da Hausar da manomi da maɗori za su gane. Da za a ba ni mako biyun nan, da daga gwajin jini kafin aure zan fara, in bi ta kasuwar Jega da dutsen Kalambaina, sai a ranar ƙarshe in fito da hoton Zallinger in ce wa ɗalibai su nuna mini kurakuransa.

Ƙanwata, autar gidanmu, tana shirin shiga jami'a, kuma aikin jinya take so. Kwanan baya ta ga hoton a wayarta ta kawo mini tana dariya, ta ce, "Yaya, wai da gaske sai na rubuta wannan kafin in ci jarrabawa?" Na ce mata a'a, wannan ko masu ilimin ba su yarda da shi ba. Sannan na tambaye ta ko ta san abin da ya kashe 'ya'yan yayarmu. Ta yi shiru, ta ajiye wayar, muka fara daga nan.